Turken Goɗiya

Abu biyu mahaifina ya bari da nake ji da su: jar goɗiya, da turken da ake ɗaure ta a gindin tsamiyar bayan gidanmu a Kurawa. Na icen ƙirya ne, shi ya sassaƙa shi da hannunsa. Na daɗe ina fatauci a Maraɗi, rasuwarsa ce ta dawo da ni gida. Inda na tarar da turken, nan na ce zai zauna har in mutu.

Da goɗiyar nake kai fata kasuwar Sabon Birni. A damina ta biyu sai ta soma ramewa. Ci kamar gara, amma haƙarƙari a waje, kullum tana goga wutsiya a jikin tsamiya. Na duba kashinta na ga tsutsa. Maiɗakina ta daka ɓawon maɗaci, muka jiƙa da kanwa, na ɗura mata da ƙaho. Ta murmure wata guda, ta sake lalacewa. Sau uku muna haka. Na ji tsoro ƙwarai, don in ta mutu a hannuna ban san da wane ido zan dubi Inna ba. Ita kuwa Inna, ni ne ɗan farinta, ba ta yi mini magana kai tsaye, balle ta gyara mini.

Ran wata kasuwar garin Isa, sai na ja goɗiyar zuwa wurin malamin dabbobi na En'e. Bayarabe ne, Turawa suka turo shi. Da ganin tsagar fuskata ya washe baki, ya samu abokin wasa.

"Bawana Bagobiri, ina kake ɗaure ta?"

Na gaya masa. Ya tambaya ko wurin yana bushewa. Na ce dab da fadama yake, rani da damina akwai laima.

"To ga shi nan. Ka hidda tsutsa da maɗaci, ta sake kiwo ta maida ita ciki. Ƙasarku ba sanyin da ke kashe ƙwan. Cire turke, ka kai ta tudu, ka riƙa kwashe kashin."

"Turken ubana na," na ce. "Ba ni taɓa shi."

"Shi ke nan. Sai ka ɗaura wa turken sirdi, ka hau shi zuwa Sabon Birni."

Da wani ne ya faɗa, da an raba mu da ƙyar. Amma Bayarabe ne, ba dama in yi fushi. Na ce masa mai manja bai san doki ba, na karɓi maganinsa na tafi.

Kwana uku ina kewaya turken nan. A na huɗu, da hantsi, na ɗauko dagi, ina tsammanin aikin yini ne. Ko haƙa ban yi ba. Na girgiza shi sau biyu, ya fito a hannuna.

Inna tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ba ta dube ni ba, maiɗakina ta duba.

"Hwaɗa ma mijinki," ta ce, "mai turken bai taɓa barin shi ya yi damina biyu wuri guda ba."

Na tsaya riƙe da shi, kunya ta rufe ni. Sannan na saɓa shi a kafaɗa, na ja goɗiyar muka hau tudu.