Ladabin Musa Ɗan Safo

Musa mutumin Safo ne, ɗan gidan noma na masu bin al'adar kakanni, kuma ya zo Madarunfa neman karatu da gemunsa, 'yan shekaru bayan annobar nan da ta share shanun ƙasa. Kafin ya taso ya ƙi kama akuyar da ubansa zai yanka wa iskokin gida, uban kuwa ya ce masa idan ya fita kada ya sake taka ƙofar. Saboda haka ranar da ya durƙusa a zauren Malam Hamisu, da hauya a kafaɗa, ya ce yana so ya san abin da ake faɗa cikin salla, ba shi da wani wurin komawa a bayansa.

Makarantar Malam Hamisu da damina a gona take. Gonar tana can bayan tafki, nesa da shingen kafi da ya kewaye gari, ta jingina da daji. Ra'ayin Malam shi ne mai neman ilimi ya ci guminsa, don kada yunwa ta sa ya sayar da abin da ya koya. Da safe ɗalibai su yi noma, idan rana ta take su taru gindin wata tsamiya a tsakiyar gonar, kowa da allonsa. Yana kuma da wata tsohuwar goɗiya wadda ya tilasta wa kowane ɗalibi ya iya hawanta. Zamani ne na hari: mahaya sukan faɗa wa manoma a gona su kwashe su zuwa bauta, na kudu su yi wa na arewa, na arewa su rama. Don haka kullum akan sa mutum ɗaya bisa goɗiyar, a wani tudu kudu da gonar. Idan ya ga abin tsoro, aikinsa ya sheƙo da gudu yana ihu.

A noma babu kamar Musa, a hawa ma haka. Karatu ne ya ƙi shi. Harafin da ya kama da safe kan kuɓuce masa kafin la'asar, kuma samarin da ya girme su suka mai da shi abin raha, musamman wani mai suna Wada.

"Baba Musa," in ji Wada wata rana, "ka ba goɗiya allon nan mana, ku yi musaya. Ita ta yi karatu, kai ka ci harawa."

"Kai ɗan nema," in ji Musa, "jiya da ta yi tutsu wa ya tsamo ka cikin ƙaya kana kiran innarka?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ba'a ba ta dame shi ba. Abin da yake tsoro shi ne a ce har yanzu ɗanyen ƙauye ne wanda bai san girman abin da ya zo nema ba.

Wata rana cikin noman fari, ana tsakiyar karatu, Musa ya hangi awaki sun shiga wake. Ya zabura ya kwarma ihu kamar yadda duk manomi zai yi, mai karatu ya tsaya a tsakiyar aya. Malam Hamisu bai ɗaga murya ba. Ya jira Musa ya dawo daga korar awakin, sa'an nan ya ce masa a gaban kowa:

"Musa, maganar wa ka katse?"

Musa ya durƙusa, Malam ya ci gaba:

"Ba ta wanga yaro ba ce. Ta Ubangijinka ce. In ana karanta ta, ba a ɗora wata murya bisanta, ko mi ya faru. Wake ya fi ta gare ka? In ka sake, ka ɗauki hauyarka ka koma Safo."

"Na tuba, Allah shi gafarta Malam," in ji Musa, goshinsa kusa da ƙasa.

Ya kamata mai karanta wannan labari ya lura da abin da ya auku a nan. Malam ya ba Musa umarni biyu: idan ka ga hari ka yi ihu, idan ana karatu kada ka yi ihu. Bai faɗa masa wanne zai kauce wa wanne ba, domin a wurinsa abin a fili yake. Duk wanda ya yi nisa a ilimi ya san cewa ceton rai yana gaba. Amma Musa bai yi nisa ba. Abin da ya sani shi ne umarni na farko an faɗe shi sau ɗaya cikin sakin fuska, na biyu kuwa an faɗe shi da barazanar kora. Mutumin da bai san dalilin doka ba yakan auna nauyinta da fushin da aka furta ta da shi. Tun daga ranar Musa ya zama mafi ladabin ɗalibai. Ko tari ya taso masa lokacin karatu, sai ya danne shi har idonsa ya yi ja.

Da gero ya yi tsawon da zai ɓoye mahayi, tsaro ya zagayo kan Musa. A ranar, Indo matar Malam, wadda ɗalibai ke kira Inna, ta kawo fura gona. Da ta sauke ƙwarya sai ta wuce gefen kudu tsinkar yakuwa, tare da ɗalibai biyu da suka riga suka biya nasu karatun.

Daga kan tudu Musa ya ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga bakin daji, sa'an nan ya ga kawunan mashi suna ƙyalli bisa ganye. Bai yi shakka ba. Ya juya goɗiya ya sake mata linzami. Hanyarsa ta biyo inda Indo take, ba kusa ƙwarai ba, amma inda murya za ta kai. Ya ga bayanta a duƙe. Ya buɗe baki, sai iska ta kawo masa muryar Wada daga gindin tsamiya yana rera karatu. Ihun da zai kai ga Indo zai kai ga tsamiya. Musa ya rufe bakinsa, ya ce a ransa zai isa wurin Malam tukuna, Malam ne zai san abin yi.

Da ya kusa, ya sauka don kada ƙarar kofato ta hau kan karatu, ya ƙarasa da ƙafa, ya durƙusa. Malam ya dube shi, ya zaci maganar awaki ce, ya ɗaga masa yatsa alamar ya jira. Wada kuwa yana ta tuntuɓe, Malam yana mayar da shi baya. Gumi ya jiƙe rigar Musa, bai furta komai ba. Sai da Wada ya kai ƙarshen sura.

"Mi ka gani?" in ji Malam.

"Allah shi gafarta Malam, mahara."

Kafin Malam ya miƙe, kururuwar Indo ta taso daga kudu. Waɗanda ke gindin tsamiya suka watsar da alluna, suka faɗa cikin ciyawar bakin tafki suka tsira, Musa ne ya ɗora Malam bisa goɗiya da ƙarfi ya kore ta. Indo da ɗaliban nan biyu aka tafi da su.

Da yamma mutanen gari suka taru a ƙofar zaure da sanduna. Uban ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kama ya ce ɗan Safo ne ya sayar da su, in ba haka ba wane mai tsaro ne zai ga mashi ya yi shiru. Malam Hamisu ya fito ya tsaya tsakaninsu da Musa.

"Abin da na hore shi da shi ya yi," in ji shi. "Mai neman wanda zai buga, ga ni."

Ba wanda ya ɗaga sanda, amma ba wanda ya bar ɗansa a makarantar. Aka ba wani bafatake, ɗan kasuwa mai tafiya nesa, goɗiyar ya tafi da ita neman fansa. Bayan kaka ya dawo hannu wofi, ya ce an riga an wuce da su gaba, goɗiyar kuma ta faɗi a hanya.

Musa kaɗai ya rage. Yakan noma gonar shi ɗaya, ya dawo ya ɗauki allo ya zauna gaban Malam, wanda ya rame ya rage magana. Sau ɗaya tak Musa ya taɓa tayar da zancen.

"Malam, ran nan, mi ya kamata in yi?"

"Ihu."

"Da ba ka kore ni ba?"

Malam Hamisu ba maƙaryaci ba ne.

"Ban sani ba, Musa. Da na so in ce a'a."

Masu hukunci da gaggawa sun kasu biyu a kan wannan al'amari, wasu suna zargin wautar ɗalibi, wasu tsananin malami. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne duk wanda ya karɓi babban mutum yana koya masa tsoro kafin ya koya masa dalili, ya ɗauki alhakin abin da tsoron zai haifa. Malam Hamisu ya san haka, shi ya sa bai taɓa korar Musa ba, bai kuma taɓa iya duban fuskarsa sosai ba.

Musa ya ci gaba da zama a gidan, yana ci da Malam daga gumin hauyarsa har Malam ya rasu, shi ya yi masa wanka tare da liman. Bai sauke karatu ba. Ya tsufa a ɗakin zaure, kuma har ya mutu mutanen Madarunfa suna kiransa ɗalibin Malam Hamisu.