Ruwan Jidda da Gidan da Babana Ya Gina

Litinin: Gumel zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ana tsakiyar kaka, dawa tana jibge a gonaki. Umra na nufa, amma akwai wani abu a ƙarƙashinta. Mahaifina ya tafi aikin Hajji ta ƙasa ina goye a bayan Inna, bai dawo ba. Ya yi aure a Jidda, ya haihu, ya rasu a can. Ni kuwa na girma na zama magini, har na kai arba'in da shida ban san muryarsa ba. Wani alhaji ya kawo mini kwatancen gidansa a takarda, na ce bari in je in gani da idona.

Kilomita ɗari da 'yan kai ne zuwa Kano, shingen 'yan sanda uku. A na Gezawa ɗan sanda ya ga jakata ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a." Direba ya ce, "Shi ke nan abin da za ka samu yau." Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya saura kwata na rana.

Talata da Laraba: Makka

Mun sauka Jidda ranar Litinin ɗin bayan magariba, bas ta wuce da mu Makka, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na yi umra lafiya. Na yi wa kowa addu'a, amma da na zo kan babana sai bakina ya yi nauyi. Na dai yi, ba da zuciya ɗaya ba.

Alhamis: Balad

Na dawo Jidda da hantsi, na kama ɗaki a Balad, tsohuwar unguwar birnin, riyal talatin, hawa na uku a wani tsohon gida na dutsen teku. Iska mai laima, riga tana manne wa jiki. Mai gidan, wani Bayamale, ya nuna mini gajimare ta wajen teku yana murna. Na yi mamaki. A wajenmu ruwan Nuwamba ɓarna ne, yana lalata amfani a gona. Nan kuwa shekara guda suke jiransa.

Juma'a: Karantina

Tasi ta kai ni unguwar a kan riyal goma. Lungu ne cikin lungu, Hausa tana tashi ta ko'ina kamar Fagge. Wata mai sayar da waina ta karanta takardata ta ce, "Gidan marigayi Malam Idi? Koriyar ƙofa, bayan masallaci."

Wanda ya buɗe ƙofar, da na gan shi sai na ga kaina shekara goma baya. Na faɗi ko ni wane ne. Ya rungume ni yana ta Larabci, daga baya ya ce, "Yaya, ahlan, shigo. Ni Bakri. Abubakar."

Na tsaya cak. Abubakar sunana ne, Habu ake kirana. Wato da babana ya sami wani ɗan, sai ya ɗauki sunana ya ba shi, ya rufe babina. Na shiga, amma a raina na riga na tafi.

Bakri yana aiki a wata masana'antar roba a unguwar masana'antu ta Jidda. A Jidda aka haife shi, amma kullum iƙama, takardar izinin zama, tana aljihunsa, kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ke sabunta masa. Mahaifiyarsa, Hajiya Dije, tana kwance a ɗakin ciki, shanyewar ɓarin jiki shekara uku. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona.

Mun dawo daga masallaci, ana zuba shinkafa da kifi, sai aka yi tsawa. Ƙarfe biyu da kwata ruwa ya sauko. Maƙwabta suka fito suna ɗaga hannu sama, mata suna guɗa. Kafin rabin awa murna ta koma ihu, domin lungun ba shi da magudana, ruwa ya kai gwiwa, da shara da takalma suna yawo.

Ni sama na duba, sana'a ba ta barin mutum. Rufin siminti ne shimfiɗaɗɗe, ga tsaga ta bi ta kan gadon Hajiya, tana ɗiga. Na ce, "Bakri, ina indararon gidan nan?"

"Indararo? Esh haza?"

"Inda ruwa ke zuba daga rufi!"

"Wallahi, Yaya, mun toshe. Kyanwa da ɓera suna shiga."

Na ce ya kawo tsani da guduma da guntun rodi. Matarsa da wata maƙwabciya suka ja gadon Hajiya zuwa bakin ƙofa, don babu inda za a fita da ita. Da muka hau, rufin ya zama tafki, ruwa ya wuce idon sawu, ina jin simintin yana amsawa a ƙarƙashin ƙafata. Na laluba jikin katanga har na sami bakin indararon, an cike shi da siminti. Bakri ya riƙe rodi, ina bugu. Yana ta janye hannu. Na ce, "Riƙe, ba zan same ka ba." Ya ce, "Yalla, Yaya, buga." A bugu na goma sha wani abu toshiyar ta fita, ruwa ya yi tsalle cikin lungu. Muka fasa na biyu. Ya ce, "Halas?" Na ce saura na kusurwa.

A nan na lura da aikin. Indararon ba irin na Jidda ba ne. Dogo ne, an karkata shi nesa da bango, yadda ake yi a Gumel don kada ruwa ya ci gindin gini. A garin da ruwa bai fi kwana kaɗan a shekara ba, babana ya yi gini kamar yana jiran damina.

Da muka sauko, Hajiya ta kira, "Abubakar." Mu biyu muka amsa. Ta yi 'yar dariya da rabin baki, ta ce, "Babba nake nufi. Zauna, ɗana. Na ga fuskarka ɗazu. Ranar sunan Bakri na ce wa babanku, Malam, ai kana da Abubakar a gida. Ya ce shi ya sa. Ya ce yana so ya riƙa kiran sunan kullum a amsa masa."

Na ce, "Hajiya, da ya dawo ai da an amsa masa."

Ta ce, "Gaskiyarka. Da fari kunya ce, ba shi da abin komawa da shi. Daga baya kunyar daɗewa. Ban ce ya kyauta ba."

 Ruwa ya ɗauke wajen la'asar.

Asabar zuwa Litinin

Na kwaso kayana daga Balad. Kwana uku ina ɗinke tsagar rufin, Bakri yana kwaɓa mini siminti bayan ya taso aiki. Na sa wa kowane indararo raga. Bakri ya kai ni maƙabarta, babu alama a kan kowane kabari, ya nuna mini wajen da hannu. Wannan karon addu'ar ta fita ba tare da na tura ta ba.

Talata: gida

Jirgi ya tashi ƙarfe tara na safe, na isa Gumel ana kiran isha'i. Inna tana kan tabarma. Na ba ta labari duka, har da sunan. Ta ce, "Ya tsufa kafin ya rasu?"

Na ce, "Sun ce ya tsufa, Inna, har gemu ya yi fari fat."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ni da baƙin gashi na san shi."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa mutanen koriyar ƙofa.