Madubin Baba Mu'awiya Yana Hannun Wa?

Kai da ka cika sahu a jana'izar Baba Mu'awiya mai gyaran agogo, ina kake bara, lokacin da ake ce masa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga? Na ga sahun nan da idona, har bakin titi ya kai. Bara kuwa, ko sallama sai mutum ya waiga yake yi masa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran Baba ranar Talata, tara ga Sha'aban, a gidansa da ke bayan tashar jirgi a Ƙaura Namoda, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen damina.

Baba, agogo ne abincinka, amma kowa ya san zuciyarka tana wajen madubin hangen nesan nan, baƙi, mai ido biyu, wanda igiyarsa ta tsinke ka ɗinka masa ta fata. Tun kafin in san hannuna na dama, kai ne mai hawa rufin tsohon siton hatsi ranar duban wata, mu biyo ka a baya. Ba ka taɓa ba da shaida da madubi ba. Kakan nemo jinjirin watan da shi, ka sauke, ka nuna wa mutane daidai wurin, bisa kan giginya ko gefen hasumiya, ka jira sai sun gani da idonsu. Sannan a je wa Liman da magana. Cewa kake madubi jagora ne kawai, shi ba ya rantsuwa.

Ran da ka fara miƙo min shi, bayan Magariba ne, ka ce in nemo taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Da ido, 'yan tsakin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da na ɗora madubin, sai ga su fal kamar an watsa gero. Na ce maka wannan kazar ta fi ƙarfin akurki, ka yi dariya har da tari. Karatuna bai yi nisa ba, amma daga wannan rana duk takardar da na ga hoton tauraro a kanta sai na zauna na haƙa ta, in na cije in kawo maka.

Wa zai manta da tsarabar Alhaji Gwadabe dillalin hatsi? Ya dawo daga Makka da wani ƙaton madubi mai ruwan zinariya, gilashinsa ja, yana cewa naka ya zama tarihi. Ka karɓa da hannu biyu, ka duba masallacin Juma'a, ka mayar masa, ka ce ya faɗi abin da ya gani. Ya ce hasumiya biyu. Ka ce, "Alhaji, masallacin ga hasumiya guda gare shi. Ta biyun, can Makka anka haɗo ka da ita."

Daga nan mai niyyar saye sai ya biyo ta rumfarka. Kakan ce kada a yi kwaɗayin babbar lamba, don iya jawowar madubi iya rawar da zai yi a hannu. A nemi mai faɗin baki, shi ke shan haske in rana ta faɗi. A ɗaga shi a leƙa ciki ko ya yi fumfuna. Imran, makiyayin nan na wajen Zurmi, ya zo neman irin naka, ka hana shi, ka ce mai bin shanu wuni guda ba ya rataya dutse a wuya, ka zaɓar masa ƙarami. Har wannan alherin sai da aka lissafa maka cikin laifi.

Ga abin da ya faru, ga wanda bai sani ba. Al'adar Baba ce, in Sha'aban ya yi nisa, ya hau rufin shi kaɗai da yamma ya ga inda rana ke faɗuwa, don ya san inda zai nemi wata. Bara sai wani ya hango shi yana duban daji, ya ce alama yake ba mutanen daji. Samari masu sintiri suka sauko da tsohon, suka karɓe madubin, ya wuni a hannunsu. Ba su sami komai ba, suka sake shi. Madubin bai dawo ba, haƙuri ma ba a ba shi ba. Masu agogo suka daina zuwa rumfa. Ranar duban watan bara yana ɗaki, da na shiga ya tambaye ni, "Kun gane shi? Ta wajen giginya za ya fito." Nan ɗin kuwa ya fito.

Ban ce wani ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Na kuma san tsoron da muke kwana da shi daga nan har Shinkafi, ni ma na binne nawa. Amma tsoro bai halatta mana naman tsoho ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi iya ganinka, Ya sada ka da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Allah Ya ba matarka Inna Ramatu da 'yarka Anisa da 'yan'uwa na Dauran haƙurin rashi.

Saura kwanaki kaɗan a hau duban watan azumi. Anisa ta ce ba gado take nema ba, so take ta daina sunkuyar da kai in an ambaci sunan mahaifinta. Don haka wanda ya fara furta maganar nan, da wanda madubin ke rataye a ɗakinsa, kun san kanku, mu ma mun san ku. A bainar jama'a kuka ɓata shi. Ku tsaya ƙofar masallaci Juma'ar nan bayan an sallame, ku faɗa mana da bakinku: me kuka ga Baba Mu'awiya yana dubawa, in ba faɗuwar rana ba?