Ranar da Na Kira Sunaye a Gaban Baƙi

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, a wani ƙauye gefen Allakai cikin ƙasar Buza. Lakwal, wato makarantar boko, na yi har aji shida, ban samu sartifika ba, amma ɗan Faransancin da na tsinta ya ishe ni ɗaga kai a garin da mazansa duk sun tafi biɗa, wato neman kuɗɗi, Abijan ko Libiya. Ni ƙafata ta hagu ta hana ni tafiya. Shi ya sa da wata anasara ta zo aikin sa kai, tana koya ma mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ajiya da karɓar kuɗɗi ta salula, ni anka ba ta in yi mata tafinta. Babu albashi, hula ce da riga mai tambarin porje, wato shirin tallafin da ya kawo ta, amma ina jin kaina kamar wani babban ma'aikaci.

Ba zan yi ma matar nan ƙarya ba, ba ta zo da mugun nufi ba. Ta baro ƙasarsu ta ci tuwon gero da mu, zazzaɓi ya kayar da ita har sai da anka kai ta asibitin mishan, ta warke ta dawo. Tun da matan ba su iya karatu ba, duk saƙon da ya shigo ni suke kawo ma salula in duba. Ta nan na san gidan da ake ma aike da gidan da anka manta da shi. To mu a wurinmu, tun kafin salula, in ɗan biɗa ya dawo da saƙonnin 'yan'uwa, kowane gida yake shiga ya zauna ya sha fura, da saƙo ko babu, ya fito hannu cikin aljihu. Maƙwabci ba ya sanin wa ya samu, wa bai samu ba. Na san wannan tun ina yaro, ba ni da ta cewa.

Da manyanta za su zo daga Yamai, ta ce tana son a yi taro a kira matan da ake ma aike daga waje su miƙe a tafa musu. Ta tambaye ni har sau biyu ko akwai laifi a al'adarmu. Na ce babu. Makirfo nike so in riƙe gaban mutanen Yamai, iyakar gaskiyar ke nan. Na kira sunaye daga takardar da munka rubuta, mata sunka miƙe, anka yi tafi. Sai ido ya koma kan waɗanda sunka rage zaune, cikinsu har da matar ɗan kawuna, kawun da ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Shekara biyu tsohon nan yana faɗi a majalisa ɗansa na Libiya ba ya fashin aike, alhali tumakinsa yake kaiwa kasuwar Madawa ɗai-ɗai, nesa da idon gari, yana ciyar da jikoki. Wani mai baki ya tambaye ni cikin dariya ko idona ya tsallake gidan kawu ne. Maimakon in ce takarda ce ba ta cika ba, sai na ce cikin makirfo abin da ke rubuce shi nike karantawa. Kawu ya naɗe buzunsa ya tashi.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Na je ba shi haƙuri, ya tambayi lafiyar ƙafata, ya kira ni mushe, wato malam da Faransanci, kamar wani malamin lakwal baƙo, ya ce ai aikina na yi. Bai sake zama majalisa ba har ya rasu. Mata sunka daina kawo mini salula, sun gwammace su biya ɗan kabu-kabu zuwa Buza wurin wanda bai san su ba. Anasarar ta tambaye ni me ya rage mutane, na ce aikin gona ne. Ta tafi ƙasarsu tana yi mini godiya, ba ta san komi ba har yau.

Yanzu na doshi hamsin. Ana gaishe ni, amma in na zauna majalisa hira sai ta koma kan ruwan sama. Ba a aike na neman aure, ba a kirana sasanta kowa. Shekaru na yi ina ɗora laifi kan porje da masu zuwa su tafi, amma baƙuwa ta tambaya, ɗan gari ne ya ce mata babu laifi. Ku da ke tsayawa tsakanin baƙi da mutanenku, in baƙo ya tambaye ku, ku faɗa mishi abin da ba a yi a garinku, ko da zai soke taron. Shi yana da ranar komawa gida. Ku kuwa cikin mutanen nan za ku tsufa, su ne kuma za su ɗauki gawarku.