Ɗigon Ruwan Godiya

A shekarun da na yi wa wata ƙungiyar manoma aikin kwamfuta, ofishinmu yana Ƙanƙara, muna kuma da rumbun hatsi biyu, ɗaya a Sabuwa, ɗaya a wajen Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari. Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a lokacin, sai muka kafa eriya a kan dogayen ƙarafa, muka ajiye wa kowane rumbu ƙaramar kwamfuta mai aiki da sola. A allon da ke gabana kowanne yana da ɗigonsa. In kore ne, muna tare da su. In ya yi ja, sun ɓace mana.

Na Sabuwa bai taɓa ba ni wahala ba. Na Ruwan Godiya ne ya fara yin ja da rana tsaka, ya daɗe haka, sannan ya dawo da kansa.

Wata rana shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai ƙarancin magana, ya tsaya a bayana yana kallon jan ɗigon.

"Malam, mi ya samu mutanen namu?"

"Na'ura ce kawai, Alhaji," na ce masa. Kowa ya san abin da shiru ke nufi daga wancan ɓangaren da 'yan bindiga suka addaba.

Da ɗigon ya dawo na shiga bincike. Kwamfutar ba ta mutu ba, batir lafiya, eriya lafiya. Sai a kwana na uku na gano abin. A cikin kwamfutar na haɗa hanyoyi biyu, abin da muke kira gada: kebul ɗin eriya, da wani ɗan abu kamar filashi da ake soka mata don wayar mai gadi ta samu intanet. Kowannensu yana da lambar shaidarsa, amma gadar ba ta da tata, aro take yi daga cikinsu. Ta ɗan filashin ta ara. Da an zare shi sai ta koma ta kebul, na'urarmu ta Ƙanƙara kuwa ba ta san wannan lambar ba, sai ta rufe mata ƙofa.

Ke nan wani ne yake zare shi.

Na ji tsoron taɓa gadar daga nesa, kada in yi kuskure ta yanke gaba ɗaya. Ranar kasuwa na bi motar haya zuwa Ruwan Godiya. Direba bai kunna rediyo ba, fasinja ma babu mai hira. Dawa ta nuna har bakin hanya ba a yanke ba. Mun wuce wata unguwa, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu.

Mai gadin rumbun dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya kawo mini ruwa a kwanon sha, ya zauna kan buhu yana kallona. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Na rubuta wa gadar lamba tata ta dindindin, na zare ɗan filashin, na gwada, na ga har yanzu tana kaiwa Ƙanƙara.

"An gama, Baba. Amma wa ke zare wannan abin?"

Sai da ya leƙa waje kafin ya amsa.

"Ni ne, ɗana. Wanga abu yana ƙyafta shuɗiyar wuta. In na ji ƙarar babura daga daji sai in cire shi in tura cikin buhun masara. Sun ce duk wanda suka gani da irinsa, shi ke kai rahotonsu."

"Kullum in ya yanke, su ne?"

"Su ne. Wani lokaci su wuce. Wani lokaci su tsaya su sha ruwa a wannan kwanon."

Na dubi kwanon da ke gefena. Sai a lokacin na fahimci abin da na yi: ashe matsalar da na zo gyarawa ita ce take sanar da mu zuwansu. Yanzu ɗigon zai zauna kore ko da suna tsaye a kan Baba.

Kafin in tafi na ƙara wani ɗan umarni, duk lokacin da aka zare ɗan filashin kwamfutar ta turo mini saƙo. Baba ya raka ni bakin hanya, ya ce kada in jira motar yamma.

Makon farko saƙon ya zo sau ɗaya. Daga nan kusan kullum. Wata Laraba ya zo da hantsi, har la'asar ba a mayar da filashin ba. Alhaji ya zauna kusa da ni bai je masallaci sallar jam'i ba, nan ofis muka yi salla. Gab da magariba aka mayar da shi, Baba ya turo saƙon murya ta waya: yana nan da rai, amma sun kwashe awakin maƙwabcinsa, sun kuma tambayi na waye ƙarfen eriyar.

Washegari Alhaji ya tura motoci biyu aka kwaso hatsin. Baba ya biyo ta biyun da tabarmarsa da butarsa, ya sauka gidan 'yarsa a Ƙanƙara. Eriyar muka bari a can, babu wanda ya yarda ya hau ya kwance ta.