Shuɗin Rigar Baba

Duk ranar da na ɗora tukunyar sitaci a wuta, da zarar warin rogon nan ya taso, sai zama ya gagare ni. In miƙe in leƙa ƙofa, in dawo in juya tukunya, in sake miƙewa kamar wadda aka aika ta manta saƙon. Maƙwabciyata tana yi mini tsiya wai ban iya jiran tukunya ba. Ni kuwa na san ba tukunyar ba ce. Warin ne yake mayar da ni barandar Kakata a Zangon Kumasi, ya tuna mini da ta'asar da na tafka ina 'yar shekara goma.

Kaka, mahaifiyar babana, sana'arta haɗa hoto. Ba da fenti ba, ba da alƙalami ba. Takan bi shagunan teloli da buhu tana tattara ƙyallayen da suka zubar, ta roƙi kwali a wurin masu kanti, mu kuma yara mu tsinto mata takardar alawa mai ƙyalli da maɓallan da suka faɗi. Sai ta dama sitaci, ta yanka kwalin kamar faɗin tafin hannu biyu, ta yi ta yanka tana liƙawa. Kafin la'asar ka ga masallaci ya tashi, hasumiyarsa ta tsinken tsintsiya, ko kasuwa, ko mota da tayoyin maɓalli. In ya bushe ta rufe shi da leda, ta sa masa zaren ratayewa. Wata mai goro a tasha ce take rataye su a jikin rumfarta, direbobi da matafiya suna saye.

Mutanen da ke cikin hotunan Kaka duk sun juya baya. Malamin makarantar da ke jikin gidanmu ya taɓa yi mata magana a kan yin fuska, ita kuma ba ta yi musu ba, sai ta juyar da kowa. Mace da tulu, yaro da kwano, tsoho da sanda, kowa ƙeyarsa kake gani, kamar duk garin tafiya yake.

Akwai wani aikin da ya fi wannan nauyi. In an yi rasuwa a unguwa, bayan sadakar arba'in, iyalan mamaci sukan kawo wa Kaka guntun rigarsa ko zanenta, ta haɗa musu ɗan hoto su rataye a ɗaki. Saboda haka take da doka guda da ko kurma ya ji ta a gidanmu. Takan ce, “Kayan mai rai, mai shi ke bayarwa da hannunsa. Na mamaci ne ake yankawa ba a tambaye shi ba.”

Babana makanike ne a Suame, unguwar masu gyaran mota, kuma shi ma ƙafarsa ba ta zama. Ina shekara shida ya bi ayarin samari zuwa Libiya ta hanyar sahara. Saƙo ɗaya ya taɓa zuwa, daga Agadas, cewa yana lafiya, jibi za su shiga hamada. Daga nan shiru. Innata ta jira har iya haƙurinta, danginta suka kai magana gaban malamai aka raba auren, ta koma unguwar Dichemso ta yi wani auren. Ni aka bar wa Kaka. Ita ce take kirana “mai ƙaiƙayin ƙafa”, in na tashi sau uku kafin in gama cin tuwo sai ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da Baba ya bari shi ne rigarsa ta Sallah, shuɗiyar shadda, wadda sau ɗaya ya saka. Ranar tafiya ya miƙa wa Kaka ya ce ta ajiye masa, da ita zai je Idi in ya dawo. Tana cikin akwatin ƙarfe da kafur. Damina a Kumasi ba ta da kunya, ruwa sai ya kwana ya wuni, bango ya jiƙe, kaya su yi funfuna. Don haka duk ranar da rana ta leƙo, Kaka takan ciro rigar ta shanya a igiya, ta kakkaɓe, ta ninke, ta mayar. Shekara huɗu tana wannan.

A daminar nan ne na fara haɗa hoton kaina, a ɓoye, don Kaka ba ta yarda in wuce shafa sitaci ba. Babbar mota na yi a kan hanya, da wani mutum a tsaye ya juya baya. Komai ya zauna sai sararin sama. Na zazzage buhun ƙyalle kaf, duk shuɗin da na samu ko ya koɗe ko yana da furanni. Ranar rana ta fito, Kaka ta shanya rigar ta tafi suna a bayan layinmu. Na ɗaga kai na ga shuɗin nan yana sheƙi a igiya, irin wanda nake nema sak. Ba zan yi maka ƙarya in ce ban san dokar ba. Na sani sarai. Na dai gaya wa kaina cewa rigar tana da faɗi, ta baya zan yanka, can ƙasa, wa zai lura da yatsa huɗu? Na ɗauki almakashin Kaka na yanka. Kafin ta dawo na ninke rigar da kaina na sa a akwati, har ta yaba mini da hankali.

Hoton ya yi kyau, kyan da ya tsorata ni. Na san in Kaka ta gani za ta gane shaddar, sai na cusa shi cikin waɗanda nake kai wa mai goro. Kwana uku aka saye shi. Na yi ta tsalle a hanya ni kaɗai, ba wanda zan iya gaya wa.

Bayan mako guda rana ta sake fitowa. Ina tsugune ina wanke kwanuka Kaka ta warware rigar, hannunta ya bi bakinta kamar yadda ta saba, ya tsaya. Na jira duka, na ma fi son dukan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, “Wa ya gaya miki ya mutu?”

Kuka ya ƙwace mini, na faɗi komai. Ta saurara har na gama, ta ninke rigar, ta yafa mayafi. “Ɗauko takalmanki,” ta ce. “Ba zai dawo ya tarar an yanka masa riga da ransa ba.”

Mai goro ta tuna wanda ya saya. Direban babbar mota ne, dogo, mai tsaga a kumatu, yana kai goro arewa ya dawo da albasa. Sunansa fa? Ta ce ita goro take sayarwa, ba suna ba. Daga nan muka shiga yawo. Kaka da ciwon gwiwa, ni da laifi a wuya. Mu shiga wannan tasha a ce ya tashi jiya, mu je kasuwar albasa a ce irinsa sun fi goma. Wani ya tura mu unguwar Kwadaso, wai can gidan mai motar yake, muka yi ta bin manyan gidaje masu katanga har wani maigadi ya kore mu da hannu kamar kaji. Ruwa ya dake mu sau biyu. A gida sitacin da aka dama ya yi tsami a tukunya, ƙyallaye suka jiƙe a baranda, ba wanda ya waiwaye su. Kaka ba ta cin abincin kirki, da ta idar da asuba tana bakin ƙofa da mayafinta. Ni kuwa tsoro nake ji, ba na fushinta ba. Na fara yarda cewa in ba a samo guntun nan ba, ni na kashe ubana.

Baffana, ƙanen Baba, ya gaji ya ce, “Mma, don Allah ki huta. Zan sayo shadda irinta, tela ya ɗinke wurin, ba mai ganewa.”

“Ni zan gane,” ta ce, ta sa takalmi.

A rana ta tara muka je Suame, inda ake gyaran manyan motoci. Kaka ta daɗe tana kauce wa wurin, don nan ɗanta ya yi aiki. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, ƙarar guduma ta ko'ina. Wani tsohon makanike ya gane ta, ya ajiye sufana ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya ji bayani sai ya nuna wata mota da aka cire wa taya. Tun daga nesa na hango hoton a bayan gilashi, yana lilo a ƙarƙashin madubi, shuɗin nan yana nan yadda na liƙa shi.

Direban yana zaune a kan benci yana cin wake da shinkafa. Hausarsa ta tasha ce, ba ta gado ba. Da Kaka ta gama, ya wanke hannu, ya hau ya kwanto hoton ya miƙa mata da hannu biyu. “Maame,” ya ce, wato Mama a bakin mutanen garin, “ɗauki abinki. Ni bai sani ba. Allah ya kawo shi gida.”

Kaka ta riƙe hoton ta daɗe tana dubawa. Ta shafa shuɗin ta kan leda, ta dubi mutumin da ya juya baya a bakin hanya. Ta ce da ni, “Tayarki ta karkace.” Sannan ta juya wurin direban. “Ɗana, har ina kake kaiwa?”

“Tamale, Bolga, mu tsallaka iyaka, mu je Yamai. In albasa ya yi wuya, har Agadas ina zuwa.”

Kaka ta sake duban shuɗin. Can ta miƙa masa hoton. “Mayar da shi. Ka rataye inda na waje zai gani. In wani ya tsaya yana kallonsa ya wuce kima, ka ce masa uwarsa tana nan, sauran rigar ma tana nan.”

“To, Maame,” ya ce, ya hau ya ɗaure shi a tsakiyar gilashin.

Haushi ya kama ni a hanyar gida. Kwana tara muna yawo, ƙafata duk ta yi bororo, ga abu a hannu kuma ta saki. Na faɗa mata haka ina huci. Ta dafa kafaɗata don ta hau gefen kwata, ta ce, “Shekara huɗu rigar nan tana akwati, ba ta nemo mini kowa ba. Bari wannan ya je ya duba.” Washegari ta dama sabon sitaci, ta miƙo mini almakashi da kwali na kaina.

Baba bai dawo ba. Direban ya yi shekaru yana biyowa ta gidanmu in ya sauka, ya ajiye wa Kaka ƙullin albasa, ya girgiza kai, ita kuma ta sa masa albarka ta ce sai wani zuwan. Daga baya shi ma ya daina zuwa, ba mu san ko hanya ya canza ba ko me. Da Kaka ta rasu, akwatin ya dawo hannuna. Bayan arba'in Baffa ya ce yanzu kam in yanka rigar in haɗa mana hoto mu rataye, a huta. Na haɗa na Kaka da guntun mayafinta. Rigar na ce masa ban ji daga mai ita ba.

Yanzu ni ke sana'ar. Teloli sun waye, ƙyallen da suke zubarwa a da, yanzu sayar da shi suke. A waya nake nuna aikina, mutanen da ban taɓa gani ba su zaɓa a aika musu. Wasu suna cewa in sa fuska, in ce ban koya ba. Akwai gam na kwalba a ko'ina, amma ni har yau sitaci nake damawa, ko da yake shi ke hana ni zama. In babbar mota ta taho daga arewa, ko ina tsakiyar ciniki ne, sai na ɗaga kai na duba gilashinta. Na san kwali ba ya shekara ashirin a rana. Ina dubawa dai.

Jiya rana ta leƙo bayan kwana biyar ana ruwa. Na buɗe akwati na shanya rigar, da gibinta na yatsa huɗu wanda ban taɓa bari a ɗinke ba. Ana suna a bayan layinmu, an aiko kirana sau biyu. 'Yata tana baranda da almakashi a hannu, tana neman shuɗi. Sai na jawo kujera na zauna a ƙarƙashin igiyar, ban motsa ba har rana ta faɗi.