Ƙwan Zabi a Hanyar Lafani

Ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka muka iske iyayenmu suna yi. Ɗan fari ba a zaman hira da shi, ba a haɗa ido da shi, in magana ta kama sai a nemi mai kai ta. Ni "wancan" nake ce masa tun yana rarrafe. Da ya sayi babur, a shekarun da aka rufe iyaka, sai na samu sauƙi, na koma ce masa "mai babur".

A lokacin duk namijin da ke Illela ya zama masanin ƙarfe. Hanyar mota zuwa Ƙonni ta toshe, sai ta daji, kuma daji babur yake so. Jarkokin mai, buhunan gero, turamen atamfa, duk a bayan babur ake ɗaure su. A gefen tayar baya akwai wasu ƙarafa biyu masu naɗi, hagu da dama, ana ce musu shakazoba. Su ke shanye gargada kafin ta kai ga ƙugun mutum. A gindin kowanne akwai zobe mai haƙora kamar matakala. In an murɗa shi zuwa matakin ƙasa babur ya yi laushi, in an kai shi na ƙoli ya yi tauri, ya ɗauki kayan da jaki zai ƙi.

Ni ban taɓa riƙe sifana ba. Amma a zaurenmu ake kwana da babur ɗin, kuma ina da ido.

Abin da ya lalata mazan garin shi ne, sifanar da ke murɗa zoben nan, mai lanƙwasa kamar lauje, bakanike ɗaya ne ke da ita, kuma rumfarsa na ƙarƙashin dogonyaron da majalisa ke zama. Ba mai taɓa zobensa a ɓoye. Sai matakin ya zama sarauta. Mai na ƙoli babban ɗan kasuwa ne, ko da jarka ɗaya bai tsallaka da ita ba tun sallah. Mai na ƙasa kuwa an gama da shi, ana ce masa mai kai mata biki. Na ga dattijo mai furfura ya tsuguna yana leƙen gindin babur ɗin wanda ya zo neman 'yarsa kafin ya amsa sallama da kyau. Na ga malamin makaranta wanda ba ya ɗaukar komai sai jakar littattafai ya sa an kai masa nasa ƙoli, yana wucewa ta ƙofar gidanmu hularsa na tsalle ita kaɗai.

Na mai babur a ƙoli yake, ba sai an faɗa ba. In ya sauko yakan tsaya ya dafe ƙugu, ya shigo gida yana tale ƙafa kamar wanda ya wuni a kan raƙumi, sannan ya ce wa matarsa ai babur ɗin nan kamar katifa.

Matar tasa 'yar Lafani ce, yarinya siririya mai kunya. Cikinta na fari ya zube tun bai yi ƙwari ba, na ga yadda ta yi wata da watanni ba ta dariya. Allah ya sake ba ta wani, cikin ya tsufa, lokacin kai ta gidan iyayenta goyon ciki ya yi. A al'ada tsofaffin mata ke raka ta, a hankali, a kan amalanke. Sai labari ya iso ɗakina cewa mai babur ya ce shi zai kai ta da kansa, a kan babur, don surukai su ga yadda Allah ya yi da shi.

Hanyar Lafani kuwa bayan damina, shanu sun tattake ta, ruwa ya ƙwaƙule ta, rana ta busar da ita a haka.

Na aika a kira mini ƙanwarsa da ke aure a unguwar gaba, don ita ce bakina a wurinsa. Na ce ta gaya masa ko dai amalanke, ko dai ya je a sassauta ƙarfen nan. Ta je ta dawo tana ƙunshe dariya.

"Inna, ya ce amalanke sai bayan ransa. Wai mi kika sani ga babur? Wai waɗanda sunka ƙera shi sun hi ki ilimi."

"Su sunka ƙera shi. Ni na haihi mai hawa nai. Koma ki hwaɗa mai."

Ta koma. Amsar da ta kawo ita ce in ya sauke matakinsa a gaban majalisa, da wane ido zai sake shan shayi a garin nan.

Da safe na fito da tsintsiya na shiga zaure. Yana nan tsugune yana goge madubi. Ban kalle shi ba, babur na fuskanta.

"Kai baƙin ƙarhe," na ce, "ina gaishe ka. Na ji an ce kai ad da gida yanzu. To ka sani, abin da za a ɗora maka wanga karon ba jarka ba ce. In jarka ta hwashe ana sayen wata."

Mai shi ya ci gaba da goge madubi. Kunnuwansa dai na gani sun motsa. Ya tura abinsa waje ya tayar, ya bar ni da hayaƙi.

Sai na canja dabara. Kafin a kai yarinya, dole wani babba ya je ya sanar da iyayenta, kuma ba a zuwa hannu sake. Na aika masa cewa ni zan je, ƙafata ba za ta kai ni ba, kuma tunda akwai katifa a gidan ban ga dalilin neman jaki ba. Wannan ba ya da hanyar ƙi. Na cika ƙwarya da ƙwan zabi, na rufe da faifai, na ɗaure da ƙyalle. Kowace mace ta san ana zuba ƙaiƙayi a tsakanin ƙwai in za a yi tafiya. Ban zuba ba, kuma ba mantawa na yi ba. Ƙwan zabi ɓawonsa tauri gare shi, ya fi na kaza nesa. Abin da ya fasa shi ba ƙaramin abu ba ne.

Na hau a karkace, ƙafafuna biyu gefe ɗaya, ƙwarya a cinya. Uwa ba ta riƙe ɗan farinta, don haka ƙarfen baya na kama. Tun kafin mu wuce gonakin bayan gari na fara jin haƙoran da suka rage mini suna gaisawa. Kowane rami sai ya taso ta ƙashin bayana ya fita ta tsakar kaina. Shi kuma ga gudu, don kada wani ya wuce shi a hanya ya kai labari. Ban yi ko tari ba. Ina jin abin da ke faruwa a cikin ƙwarya, ina jin sanyi yana bin zanena, ina salati.

A Lafani mata suka fito tarya. Cikinsu har da kakar yarinyar, tsohuwa mai bakin reza, wadda al'ada ta ba ta izinin yi wa mijin jikarta duk wasan da ta ga dama. Aka shimfiɗa mini tabarma, shi ya durƙusa daga bakin ƙofa yana gaisuwa. Na tura ƙwarya gaba na ce ga ɗan abin hannu, a yi haƙuri.

Tsohuwa ta kwance ƙyalle ta ɗaga faifai. Ta daɗe tana kallo.

"Angona," ta ce, "wanga kunu na ko miya?"

Ya leƙo daga inda yake durƙushe.

"Matso ka gani mana, ai kai ka dama shi. Ku kawo mai ludayi! Mu nan ƙauye sai mun sa itace muna kaɗa ƙwai, ashe ku birni da man fetur kuke kaɗawa."

Mata suka fashe da dariya, har da masu leƙe ta katanga. Uwar yarinyar ce kaɗai ba ta yi ba. Ta kalli ƙwarya, ta kalli babur ɗin da ke jingine a ƙofa, ta ja mayafinta ta shige ɗaki.

Tsohuwa ta rage murya. "An ce bisa wanga abin za ka kawo min kishiyata da kayanta?"

A hanyar komawa na lura yana kauce wa ramuka.

Washegari na ce kanwa ta ƙare mini. Mai kanwa kuwa teburinta na kallon dogonyaron majalisa. Ina tsaye ina zaɓe, ina ƙi, ina sake zaɓe, sai ga shi ya turo babur. Ya yi wa bakanike magana ƙasa-ƙasa. Bakanike ya ɗaga sifana sama ya ce da ƙarfi, "A sauke?" Majalisa ta tashi kamar an jefa wa kaji tsaba.

"Subhanallahi! Karaya ta samu?"

"Alhajin gobe ya koma kai mata biki!"

"Ku bar shi, ƙila basir na."

Nan aka shiga shawara, ba wanda aka gayyata. Wani ya ce na ƙasa ya fi, a gama da kunyar gaba ɗaya. Wani ya ce a sauke na hagu a bar na dama, mutunci ya rabu biyu. Wani mai canjin sefa ya rantse ya ji cewa a ƙasar masu ƙera su maɓalli kawai ake dannawa babur ya yi laushi da kansa, aka ce masa ya je ya danno ya kawo. Ni a raina na ƙasa nake so. Sai na ji bakanike yana cewa na ƙasa, in an hau mutum biyu, ƙarfen zai dinga nutsewa yana dukan ƙarshensa a kowane rami, wannan kuma ya fi taurin muni. Aka tsaya a tsakiya. Zobe ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, majalisa na amsawa da "Allah shi jiƙan rai". Shi yana tsaye, kansa a ƙasa. Ban taɓa ganinsa ya yi kama da ubansa kamar ranar ba. Na sayi kanwata na tafi.

Ranar tafiya na sake cika ƙwarya, ba ƙaiƙayi, na ɗaure ta da hannuna a bayan wurin zaman yarinyar. Na faɗa wa babur cewa ina so a kai wannan yadda na ba da ita. Ni da ƙanwarsa muka bi su a amalanke, kuma har Lafani ba su ɓace mana da gani ba. Wani mai jaki ya wuce su ya yi musu sannu.

Tsohuwa ta ɗaga faifai. Ƙwai na nan lafiya, ko tsagewa babu. Yarinya ta sauka da ƙafarta tana murmushi a cikin mayafi. Na ce wa tsohuwa ta fasa ɗaya mu gani, don na san abin da na haifa, ba wuya ya sa an dafa su a ɓoye. Ta fasa a bakin ƙwarya. Ɗanye ne.

Yarinyar ta haihu a ɗakin uwarta, mace, mai ƙarar murya. Shi kuwa kafin a yi suna ya koma gindin dogonyaro an mayar masa da sarautarsa ƙoli. Amma abu ya riga ya shiga gari. Daga shekarar, in muka ga babur ɗin magidanci a matakin tsakiya, mu tsofaffi ba ma tambayar kowa komai, sai mu fara tanadin itacen wankan jego. Maza kuma in an tsare su a majalisa cewa suke ciwon baya ne. Shekarar da mai babur ya sake yin ciwon bayan, tagwaye aka samu.